Shin sinadaran tsirrai suna kare hanta daga ɓarnar giya?

Ƙanwar Direba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in iya rubuta ta, domin abu ne da a gidanmu ba a furta shi da baki, amma halin da muke ciki yanzu ya wuce a tsaya jin kunya. Yayana direban babbar mota ne, shekarunsa 46, yana jigilar kaya tsakanin Kano da kudu, kuma ya fi shekara goma yana shan giya a ɓoye. Mahaifiyarmu ba ta sani ba har yau, ni da matarsa kaɗai muka riƙe wannan sirri. A watan jiya ya fara kukan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ga kasala ga rashin cin abinci, muka lallaɓa shi har ya yarda ya je asibiti. An yi masa hoton ciki da gwajin jini, likita ya ce hantarsa ta tara kitse kuma ta ɗan kumbura, ya kuma gaya masa ƙarara cewa ya daina sha.

Bai daina ba, ya dai ce ya rage. Wani abokin aikinsa ya sayo masa kafson silimarin, ya ce da shi Turawa suke wanke hanta, kuma wanda yake shan sa ba abin da giya za ta yi masa. Matarsa kuwa ta duƙufa da dafa masa zogale da ruwan shuwaka da zoɓo marar sukari, wani kuma ya ba shi shawarar tauna namijin goro kullum. Na karanta a intanet cewa duk waɗannan suna ɗauke da sinadaran da ake kira antiyoksidan, masu kare ƙwayoyin hanta daga lalacewa. Ina roƙon masana su gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba: idan ya ci gaba da shan waɗannan abubuwa yana rage giyar a hankali, za su kare masa hantar? Wanne ya fi ƙarfi a cikinsu, kuma akwai haɗari idan aka haɗa su? Kuɗin kafson ba kaɗan ba ne, amma za mu ci gaba da saye idan har yana da amfani.

Mai Harhaɗa Magunguna ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi wa ɗan'uwanki, ya kuma ba shi lafiya. Tun da kin nemi gaskiya, zan fara da ita: har yau babu wani sinadarin tsiro da aka tabbatar a jikin ɗan Adam cewa yana kare hantar mutumin da bai ajiye kwalba ba. Amma maganar da kika karanta ba daga sama ta faɗo ba, tana da tushe, kuma ya kamata ki san tushen domin ki iya yi wa Yayanki bayani.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na giyar da mutum ya sha, hanta ce ke sarrafa ta. Tana fara mayar da ita wani sinadari mai guba da ake kira asetaldihaid, daga nan ta mayar da shi asetet wanda jiki ke iya ƙonawa. Wanda ya daɗe yana sha, hantarsa takan ƙara buɗe wata hanya ta biyu, ta wani inzayim (sinadarin da ke hanzarta sarrafa abubuwa a jiki) mai suna CYP2E1, kuma wannan hanya tana fitar da wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu cin duk abin da suka taɓa, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Hanta tana da garkuwarta ta halitta, wato gulutatayon, amma yawan sha yakan ƙarar da ita. To, antiyoksidan su ne sinadaran da ke tare wannan tsatsa. Kin ga yadda yankakken yalo yake yin duhu idan ya sha iska, amma idan aka matsa masa lemon tsami sai ya daɗe bai sauya ba. Daga nan masana suka yi tunanin cewa idan aka ƙara wa mashayi irin waɗannan sinadarai daga waje, watakila hantarsa ta tsira. Tunani ne mai ma'ana, shi ya sa aka kashe shekaru da dukiya ana gwada shi.

Silimarin shi ne aka fi gwadawa. Ana samun sa daga irin wani tsiro mai ƙaya na yankin Bahar Rum, wanda masana ke kira Silybum marianum, kuma a Jamus aka fara ware shi a 1968. A 1989 wasu likitoci a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya suka buga sakamakon gwaji a kan mutum 170 masu ƙeƙasasshiyar hanta, inda suka ce bayan shekara huɗu kashi 58 cikin 100 na waɗanda suka sha silimarin suna raye, alhali a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kashi 39 ne suka rage. Wannan sakamako shi ne masu talla suke ɗagawa har gobe. Abin da ba sa faɗa shi ne, a 1998 an sake gwadawa a ƙasar Sifen a kan mutum 200 da giya ta ƙeƙasar musu da hanta, ba a ga wani bambanci ba a yawan waɗanda suka rayu. A 2007 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna ingancinsu, ta duba gwaji 18 da suka ƙunshi mutum 1,088, ta samu cewa idan aka tsaya a kan gwaje-gwajen da aka yi da tsari mai kyau, amfanin da ake yayatawa sai ya ɓace.

Akwai wani labari da nake ganin ya fi duk waɗannan alƙaluma amsa tambayarki. Wani likita a Amurka mai suna Charles Lieber ya shafe rayuwarsa yana nazarin giya da hanta. A shekarun 1970 ya nuna cewa gwaggon birin da ake ba abinci mai gina jiki cikakke, muddin ana haɗa masa da giya mai yawa, hantarsa tana iya ƙeƙashewa. Kafin nan likitoci da yawa suna ganin rashin abinci mai kyau ne ke lalata hantar mashaya, ba giyar kanta ba. Daga baya ya samu wani sinadari daga waken suya wanda ya kare hantar birran sosai, aka yi murna, aka shirya babban gwaji a kan tsofaffin sojojin Amurka 789 masu yawan sha, aka bi su shekara biyu. Da sakamako ya fito a 2003, sinadarin bai fi ƙwayar banza ba wajen hana tabo a hanta. Sai dai an ga wani abu da ba shi aka fita nema ba: saboda kulawar da ake yi musu wata-wata, mutanen da a da suke shan kusan kofi 16 a rana sun sauko zuwa kusan biyu da rabi, kuma a duka ɓangarorin biyu cutar ba ta yi saurin da aka zata ba. Kulawar ce ta yi aiki, maganin bai yi ba.

Game da Yayanki, labarin da likita ya ba ku yana da sauƙi idan aka kwatanta da abin da ke gaba. Kitse a hanta shi ne matakin farko, kusan duk mai yawan sha yana samun sa, kuma yakan narke cikin makonni kaɗan idan aka daina sha gaba ɗaya. Idan aka ci gaba, kumburi ke biyowa, sai tabo, sai ƙeƙashewa, wadda galibi ba ta komawa daidai. Babban tsorona game da kafson nan ba gubarsa ba ce, domin silimarin ba shi da illa mai yawa in ban da sakin ciki. Tsorona maganar abokin nan ce, cewa mai shan sa giya ba ta yi masa komai, domin mutumin da ya yarda yana da garkuwa ba ya gaggawar barin fagen.

Malamin Sinadaran Jiki ya amsa:

Ina tare da Malam a kan hukuncin da ya yanke, amma ba na so 'yar'uwarmu ta tashi da tunanin cewa tsirranmu ba su da komai. Ina koyarwa a jami'a, kuma ni da ɗalibaina mun sha yin irin binciken da ta karanta a intanet. Namijin goro yana da wani sinadari mai suna kolabiron, wanda Farfesa Maurice Iwu ya yi aiki a kansa a Nsukka tun shekarun 1980, Farfesa Olatunde Farombi na Jami'ar Ibadan kuma ya faɗaɗa binciken, kuma a jikin ɓeraye ya nuna kariya ga hanta daga guba iri-iri. Jan launin zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, har an gwada zoɓon a kan mutane an ga yana ɗan sauke hawan jini. Saiwar rawaya da kakanninmu suke jiƙa wa mai shawara, masana a Mali da Najeriya sun yi nazarinta. Ilimi ne na gaske, kuma ina alfahari da shi.

Sai dai ya kamata a san yadda muke yin gwajin. Ɓerayen matasa ne masu ƙoshin lafiya, mukan ba su sinadarin tun kafin giyar ko tare da ita, na 'yan makonni kawai, a ma'aunin da idan aka lissafa shi da nauyin mutum ya fi abin da za a iya ci a kwano. Sannan abin da muke aunawa lambobi ne a cikin jini da naman hanta, kamar ALT da AST, waɗanda ke tashi a jini idan hanta ta ji rauni. Mutum mai shekara 46 da ya yi shekara goma yana sha, tambayarsa ita ce ko zai tsira daga kumburin ciki da aman jini, kuma gwajin ɓera na wata guda ba ya amsa wannan. Ga kuma matsalar shiga jini: yawancin waɗannan sinadarai kaɗan ne daga cikinsu ke ratsa hanji, sauran su bi bayan gida.

Wannan matsala ce ta sa kamfanoni suke tace sinadarin su cusa shi da yawa a kafso, kuma a nan haɗari yake. Koren shayi a kofi ba ya cutarwa, amma a 2003 Faransa da Sifen sun janye wani maganin rage ƙiba da aka yi da tataccen koren shayi saboda ya lalata hantar mutane, kuma a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 800 ko fiye a rana na babban sinadarinsa yana tayar da lambobin hanta. Gangamau a miya lafiya lau ne, amma a 2019 Italiya ta samu jerin mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson gangamau, da yawansu irin wanda aka haɗa da sinadarin masoro domin ya fi shiga jini. A Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyin gwaji, a 1994 aka ga waɗanda suka sha bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Idan Yayanki yana shan taba, wannan ya shafe shi kai tsaye.

Shawarata ita ce matarsa ta ci gaba da ba shi zogale da zoɓo a matsayin abinci, tare da wake, awara, ƙwai, kifi da nono, domin mashaya da yawa jikinsu yana cikin yunwa ko da ba su rame ba. Ta kula da gyaɗa da ƙuli-ƙulin da za ta yi kwaɗo da su, kada su kasance masu fumfuna ko ɗaci, saboda gubar aflatoksin da ke cikinsu tana jawo kansar hanta. Abin da zan hana shi da babbar murya shi ne jiƙe-jiƙen tasha da ake sayarwa da sunan maganin basir ko ciwon baya, da 'yan kwalaben nan masu ɗaci da ake cewa na ganye ne, domin da yawansu a cikin barasa mai ƙarfi aka jiƙa su, kuma direbobi ake fi yi wa tallarsu.

Ƙanwar Direba ta sake rubutawa:

Malamai, Allah ya ƙara ilimi, ya saka da alheri. Na fahimta, kuma na karanta wa matarsa duk abin da kuka rubuta. Akwai abin da ban faɗa ba a farko. A azumin bara ya yi niyyar dainawa gaba ɗaya, amma a rana ta biyu hannunsa ya kama rawa, gumi yana karyo masa, ya kasa barci, har da dare ya faɗi yana karkarwa. Mun zaci iska ce, aka yi masa addu'a da hayaƙi, daga baya ya fita ya sha, sai ya dawo daidai. Tun daga nan yake cewa ba zai iya bari ba. Yanzu muna tunanin mu ɓoye masa makullin mota da kuɗi, mu tsare shi a gida mako guda har jikinsa ya saba. Shin hakan daidai ne?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ƙanwata, don Allah kada ku yi haka. Na yi shekaru ina aiki a sashen masu fama da shaye-shaye, kuma abin da kika bayyana na azumin bara ciwon yanke giya ne, har ya kai ga farfaɗiya. Ƙwaƙwalwar wanda ya daɗe yana sha takan saba da aiki a ƙarƙashin nauyin giya, idan aka janye nauyin farat ɗaya sai ta rikice. Rawar hannu da gumi sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, farfaɗiya takan zo a cikin kwana biyun farko, a rana ta biyu zuwa ta huɗu kuma wasu sukan shiga ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi da gane-gane, wadda take iya kisa idan ba a asibiti ake ba. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya ya fi kowa haɗarin sake faɗuwa. Addu'a kam a ci gaba da yi, amma a haɗa da asibiti.

Yayanki yana iya dainawa, kuma ki gaya masa haka da bakinki, domin abin da ya same shi bara ba rashin imani ba ne ko raunin zuciya, ciwo ne da ake da maganinsa. Akan kwantar da mutum kwanaki kaɗan, a ba shi maganin da ke kwantar da jijiyoyi ana rage masa a hankali, a yi masa allurar bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa, a riƙa duba sukari da gishirin jininsa. Kada ku sayi maganin barci a kemis ku ba shi da kanku, domin haɗuwarsa da giya tana iya tsayar da numfashi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri suna yin wannan aiki, haka ma asibitin Dawanau da asibitin koyarwa na Aminu Kano. Kuma ya ajiye tuƙi har a gama, domin faɗuwa irin ta bara a kan sitiyarin babbar mota ba ransa kaɗai za ta ɗauka ba.

Abu na biyu da ban ga kin ambata ba shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar, yawancinsu ba su sani ba, kuma idan ta haɗu da giya hanta ba ta daɗewa. Gwajin ba shi da tsada. Idan an samu yana da ita, akwai magani irin su tenofobir da ke danne ta, matarsa da 'ya'yansa kuma a gwada su a yi musu rigakafi. A gwada nau'in C ma lokaci guda. Sannan ku tambaye shi yawan farasitamol da yake sha, domin direbobi suna yawan haɗiyarsa saboda ciwon jiki, wani lokaci a cikin haɗin ƙwayoyin da ba su san abin da ke ciki ba, kuma hantar mashayi ba ta jure ma'aunin da mai lafiya yake jurewa. Idan kuka ga idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa da ƙafafunsa sun kumbura, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ya fara magana ba kan gado, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi.

Ki nemi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku zauna ke da shi ba tare da taron jama'a ba, kada a yi masa gori ko barazanar tona asiri. Na ga maza da yawa da faɗa bai motsa su ba, amma da ƙanwa ko 'ya ta ce za ta raka su asibiti ta zauna tare da su, sai suka tashi.

Mai Harhaɗa Magunguna ya ƙara da cewa:

Hajiya ta faɗi abin da ya fi muhimmanci, kuma da na san labarin faɗuwar tun farko da shi zan fara. Saura abu biyu da suka shafi ainihin tambayar. A cikin duk abin sha na tsiro, gahawa ce ta fi samun shaida a kan mutane: wani nazari a Kalifoniya da ya bi mutum fiye da 125,000, wanda aka buga a 2006, ya samu cewa masu shan gahawa sun fi ƙarancin kamuwa da ƙeƙashewar hanta ta giya. Nazari ne na lura da yadda mutane suke rayuwa, ba a raba musu gahawar a matsayin magani ba, saboda haka kofi ɗaya ko biyu a rana ba laifi bayan an sallame shi, idan hawan jini ko rashin barci bai hana ba. Silimarin kuwa yana da wurin da likitoci a Turai suke amfani da shi da gaske, wato allurar da ake yi wa wanda ya ci laimar kwaɗi mai guba, kuma wannan daban ne da kafson da ake sayarwa.

Ranar da za ku koma asibiti, ku tafi da kwalbar kafson da duk wani jiƙo ko ƙwaya da yake sha, ku ajiye su a gaban likita, ku kuma gaya masa labarin azumin bara dalla-dalla tare da ainihin yawan abin da yake sha a rana. Kuɗin da za ku saya masa kafson wata mai zuwa, ku biya gwajin nau'in B da C da su, sannan ku nemi a maimaita gwajin AST da ALT da hoton ciki bayan ya yi kamar wata biyu bai sha ba, domin ya ga sauyin lambobin da idonsa.